Wata Huɗu Ina Jiran Ƙanƙara Ta Narke

Tsakiyar sanyi ne, an gama sussuka an kai amfani rumbu. Shekarar ta zo mana da sauƙi a Malumfashi: gyaɗa ta yi kyau, man da nake matsawa yana fita tas, ƙafar Malam maigidana da ta daɗe tana damunsa ta lafa. A cikin wannan kwanciyar hankalin ne aka kira wayar Malam wata Laraba da hantsi, aka ce dusar ƙanƙara ta zaftaro daga kan dutse ta rufe yaron Inna a ƙasar Japan, an nema ba a gan shi ba.

Yaron Inna ɗana ne na fari. Mu a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ana yaye shi Inna, mahaifiyar Malam, ta ɗauke shi, shi ya sa nake ce masa haka. Shekara talatin da ɗaya, in ya durƙusa ya gaishe ni sai in amsa ina kallon gefe. Ya yi karatun injiniya a Masar, a can ya auri Rukayya 'yar Maraɗi, wadda har yau Amarya nake ce mata. Da ya samu ƙarin karatu a Japan sai ya bar ta a Alƙahira ta ƙarasa nata na addini.

Malam ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kwana uku. Ni kuwa mata na shigowa da "ya haƙuri" sai in ce musu ban ga gawa ba. Na ce da Malam yarinyar mutane tana can ita kaɗai a ƙasar da ba uwa ba uba, ya kamata wani ya je. Wannan dalilin ba wanda zai ga baƙina a kansa. Abin da ban faɗa ba shi ne, na ji ana cewa daga Masar zuwa Japan ba nisa, kuma a Masar takardar tafiya ba ta wuya. Ƙannen yaron suka haɗa mini guzuri.

Amarya tana zaune a wata unguwa da ake kira Faisal, hawa na biyar, ɗaki biyu. Ranar da na sauka ana yayyafi, ga wani sanyi mai shiga ƙashi wanda ba irin namu ba. Ƙananan motocin haya sun cika titi, masu kiran fasinja suna ta ihu kamar ana faɗa. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ni ma na sunkuyar da kai. Ba wadda ta yi kuka. Kowace tana kunyar 'yar uwarta.

Sai a kwana na uku ta miƙo mini wayarta. Hoto ne mai motsi. Ga shi nan tsaye a wani wuri fari fat, sama fari ƙasa fari, ƙafafunsa ɗaure a kan wasu dogayen katakai biyu, gemunsa ya yi furfurar ƙanƙara, yana haki yana dariya. Ya ce, "Rukayya, ki nuna wa mutanen gida." Ni ce mutanen gidan. Shi ma bai taɓa iya cewa a nuna wa uwata ba.

Ta ce, "Na ji nauyin turo miki ne, Mama."

Na maimaita kallon hoton nan ban san adadi ba. Tunda na haife shi ban taɓa tsura wa fuskarsa ido haka ba. Ashe yana da 'yar wushirya ta ƙasa irin ta mahaifina.

Amarya ta yi mini bayanin abin. Wani gari ne a cikin duwatsu da mutane ke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Akwai wurin da aka killace, akwai kujeru masu tafiya a kan waya da ke kai mutum sama. Amma wasu ba sa tsayawa a nan, sai su fita ta wata ƙofa su shiga dajin dutsen. Suna manna wata fata mai gashi a ƙarƙashin katakan don kada su zame baya, su yi ta hawa da ƙafa awa uku ko huɗu, in sun kai sama su ɓare fatar su sulalo ƙasa cikin minti goma sha biyar.

Na ce, "Hawan awa huɗu? To me ake samowa a saman?"

"Ba komai, Mama. Cewa ya yi shirun wurin yake so. Wai mutum har bugun zuciyarsa yake ji."

Wanda ya koya masa abokin karatunsa ne, Bajapane mai suna Morita. Ranar Lahadi ya kira mu ta waya mai hoto. Yana ganina ya durƙusa ya kifa goshinsa a tabarmar ɗakinsa, ya daɗe bai ɗago ba. Yana magana da Turanci, Amarya tana mayar mini da Hausa. Ya ce su uku suka hau. Kowa yana ɗauke da shebur, da wata siririyar sanda ta soka ƙanƙara, da 'yar na'ura mai ƙara wadda ake bin sautinta a tono mutum in an rufe shi. A jiki ake ɗaura ta. Shi kuwa yaron Inna ranar a aljihun rigar sanyinsa ya sa ta. Da azahar ta yi ya ce su ɗan dakata, ya matsa can gindin wani gangare inda ya fi shimfiɗuwa, ya tuɓe rigar ya shimfiɗa ta ya tada salla. Suna shan shayi suka ji ƙara kamar tsawa. Gangaren gaba ɗaya ya taho ya share wurin ya zuba cikin wani kwazazzabo.

Sun bi sautin na'urar, sun yi tono kamar hannuwansu za su cire. Rigar suka samu.

Ma'aikatan ceto sun yi kwanaki suna nema, dusar kuwa ba ta daina zuba ba, har aka hana kowa shiga kwazazzabon. Morita ya ce zurfin abin da ke ciki ya fi bene hawa uku. Sai ta narke.

Na ce, "Tambaye shi kwana nawa take yi ta narke." Ni ƙanƙarar da na sani ita ce ta azumi, wadda in ba a nannaɗe ta da buhu ba kafin la'asar ta zama ruwa.

Amarya ta tambaya, ta juyo muryarta ƙasa ƙasa. "Ya ce sai watan biyar, Mama."

Ɗalibai 'yan ƙasarmu da na Nijar suna zuwa duba mu, babbansu wani dattijo ne Malam Sani, mutumin Zariya, mai neman digiri na uku a fiƙihu. Wata rana ana hira wani daga cikinsu ya ce, "Ni abin da ke damuna, su can ai ƙona gawa suke yi. Kowa da kowa, sai a ba ka toka a tulu."

Malam Sani ya daka masa tsawa. "Kai! Bakinka ba shi da linzami ne? Yalla, tashi ka jira mu a ƙasa."

Amma magana zarar bunu ce. Daga ranar ban ƙara cin abinci na ji ɗanɗanonsa ba. A da ina roƙon a gan shi. Yanzu na koma tsoron a gan shi ba na kusa. Na ƙudura lallai sai na je na tsaya a gindin dutsen nan, duk ranar da aka fito da shi in ce ga uwarsa, irin namu za a yi masa.

Wannan ne ya kai ni Ard al-Liwa, wata unguwar baƙi mai lunguna kamar saƙar gizo. Wata mata da muka haɗu a wurin sayen kuɓewa ta yi mini kwatancen wani Bahaushe mai yi wa mutane takardun tafiya. Alhaji Tamam ake ce masa, don ba ya jimla biyu bai ce tamam ba, wato daidai. Ban gaya wa Malam Sani ba, ina gudun ya hana ni. Da muka je ni da Amarya, Alhajin ya tarbe mu da lemo, ya saurari labarina har da share ido.

"Mama, ai ke uwata ce. Japan? Jiya jiya na tura mutum biyu. Kawo fasfo, sati ɗaya, khalas, an gama. Tamam?"

Na ba shi fasfo, na ba shi guzurina. Sati ɗaya ya zama biyar. Yau ya tafi Iskandariyya, gobe jakada ne ba ya gari, jibi waya a kashe. Duk Litinin da Alhamis sai mu hau motar nan mai cunkoso mu je mu tarar da kwaɗo a ƙofa.

A bakin benen akwai wata mai sayar da shayi, Hajja Batul, Bahaushiyar Sudan, kakanninta ne suka taso da ƙafa za su hajji suka tsaya a hanya. Hausarta wani iri, rabi Larabci. Ta daɗe tana kallonmu muna hawa muna sauka. Rannan ta ce, "Ya hajja, zo zauna. Me wannan ɗan iskan ya karɓa miki?"

Na gaya mata. Ta ajiye butarta, ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta hau benen. Ashe yana ciki, ta baya yake shiga. Muna ƙasa muna jiyo muryarta tana dukan ƙofa: "Tamam! Buɗe, ko in tara maka unguwa! Kai da ko Aswan nan cikin Masar ba ka iya kai mutum ba, Japan za ka kai shi? Ko Japan ɗin bayan gidanku ne?" Ba a jima ba ta sauko da fasfona ta ɗora mini a cinya. Ta ce kuɗin kuma in bar shi da Allah. Ta zuba mini shayi mai citta, ta ƙi karɓar komai. "Ma'alish, yi haƙuri, ya hajja. Ni ma nawa ɗan teku ta ci, shekara shida. Sha da zafinsa."

Da Malam Sani ya ji, bai yi mini faɗa ba, ya dai yi salati ya girgiza kai. Shi ya raka mu Zamalek, unguwar ofisoshin jakadu, inda titi yake shiru da itatuwa kamar ba Alƙahira ba. Ofishin ƙasarmu suka ba mu wasiƙa. Daga nan muka je na Japan. Wata mata a bayan gilashi ta dube ni da tausayi ta ce, sunan ɗan naki? Na buɗe baki, na rufe. Ta sake tambaya, tana zaton ban ji ba ne. Amarya ta yi sauri ta amsa. Matar ta yi mana bayani a hankali cewa baƙon da ba mazaunin Masar ba, a ƙasarsa yake neman biza, sai dai in koma Abuja. Amarya kuwa takardar zamanta tana wurin sabuntawa, ba ta da halin fita. Na tambayi Malam Sani nisan Japan daga nan. Ya ce, "Hajiya, ko rabin rabin hanya ba ki yi ba."

A motar komawa na kalli kogin Nilu ta taga, na ce wa kaina, ke dai Allah ya shirye ki. Kin baro gida kin zo kin tsaya a inda ba nan ba can.

Malam ya kira ya ce in dawo haka nan, Allah ya riga ya yi hukuncinsa. Na ce masa to, amma yarinyar fa? Sai ya ce in zauna.

Abin da ya rage mini takarda ce da biro. Na yi ajin yaƙi da jahilci shekara uku bayan na aurar da 'yata ta biyu, rubutuna manya manya ne kamar tafiyar kaza. Na zauna na rubuta wa Morita: "Ni ce na haife shi. Musulmi ne. Don Allah idan an gan shi kada a ƙona shi. A wanke shi, a sa masa farin ƙyalle, a yi masa salla, a sa shi a ƙasa yana kallon alƙibla. Ba na riƙe da kai a zuciyata." Amarya ta rubuta Turancin a ƙasa, muka ɗauki hoto muka tura. Bayan kwana huɗu ya kira. Ya ce ya kai takardar wurin 'yan sanda an ajiye a fayil, ya kuma shiga jirgin ƙasa ya je wani masallaci a babban birnin yankin, limamin ya ce akwai maƙabartar Musulmi, tafiyar yini guda a mota. Amma ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, wani lokaci ruwan narkewa yana tafiya da mutum, ba a ƙara ganinsa.

Azumi ya same mu a haka. Maƙwabciyarmu Umm Karim, Bamisriya mai jiki da murya, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, amma kullum dab da magariba sai ta ƙwanƙwasa da kwano. Ranar da na buɗe na ga miyar lalo, kore shar da yauƙinta, sai da na tashi na shiga ɗaki. Miyar da Inna take kaɗa wa yaron ke nan da tuwon dawa. Ni ban taɓa zuba masa abinci da hannuna na zauna na ga ya ci ba.

Bayan salla Morita ya soma hawa dutsen duk ƙarshen mako, shi kaɗai, da katakansa da fatarsa, ya tsaya a bakin kwazazzabon ya ga inda narkewa ta kai. Wata Asabar da sassafe ya kira daga can, su rana ta yi tsaka. Ya juya wayar ya nuna mana: fari har iyakar gani, kawunan itatuwa sun fara leƙowa, ba motsin komai sai numfashinsa. Na ji shirun da ake faɗa.

Ya yi magana, Amarya ta fassara. "Ya ce duk zuwan da yake yi yana kiran sunansa. Wai ya gaji da jin muryar aboki. Zai miƙa wayar wajen kwazazzabon, ke ki kira shi."

Na ce, "Gaya masa mu ba ma yi."

Ba ta gaya masa ba. Ta ajiye mini wayar a hannu, ta ce, "Mama, na bar ruwa a wuta." Ta shiga kicin ta ja ƙofa, ta kunna famfo da ƙarfi. Na san ba wani ruwa a wuta.

Na daɗe riƙe da wayar. Mutumin nan yana tsaye cikin sanyi, amma bai sauke hannunsa ba. Na duba hagu na duba dama kamar mai shirin sata. Sannan na ce, "Mansur."

Muryar ta fito 'yar ƙarama. Na sake. "Mansur, ni ce. Na zo, ban iso ba ne." Daga nan ban san abin da na ƙara faɗa ba. Kukan da na riƙe tun daga Malumfashi ya ɓalle, har Umm Karim ta shigo ba sallama ta rungume ni tana ta magana da yarenta.

Ba a gan shi ranar ba, ba a gan shi satin da ya biyo ba. Sai a farkon watan biyar, da rafin da ke ƙasan kwazazzabon ya buɗe, Morita da ma'aikatan ceto suka same shi a jikin wani itace da ya tare shi. Sanyi ya adana shi. Da aka gama abin hukuma, takardata tana cikin fayil, aka miƙa shi ga limamin.

A waya muka ga jana'izar, mu da safe su da azahar. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga a sahu, 'yan Indonesiya da 'yan Pakistan da wani baƙin mutum ɗaya, ba wanda ya san yaron Inna a cikinsu. Na ga farin likkafani. Na ga ƙasa, baƙa mai danshi irin ta fadama. Morita yana tsaye can baya da baƙar kwat, hannuwansa a gefe. Da aka zo rufewa ya matso ya yi wa liman magana, liman ya gyaɗa kai. Sai ya zaro ɗan shebur ɗin nan na hawan dutse daga jakarsa, ya shiga cikin masu zuba ƙasa.

Na ce alhamdu lillahi. Ban san zan iya faɗinta da zuciya ɗaya a irin wannan ranar ba.

Da la'asar ɗalibai suka cika ɗakin. Malam Sani ya ce, "Hajiya, ya haƙuri?" Na ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Allah ya ba da lada." Ranar na fara karɓar gaisuwa. Da aka shafa fatiha Amarya ta tambaye shi daga bayan labule yaushe za ta shiga takaba. Ya ce takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da aka ga gawa ba. Ya ƙirga da yatsunsa, ya sake ƙirgawa.

"Saura kwana tara, Rukayya."

Ta ce, "Tara? Malam, wata huɗu da kwana goma ne haƙƙinsa a kaina. Ni ina nan ina zuwa makaranta, ina sa turare ranar Juma'a ko zai dawo."

"Ba ki da laifi, 'yata. Ba ki sani ba."

"Ba laifin nake ji ba," in ji ta. Na gane abin da take ji. Ni ma abin da aka ba ni na yi da shi kaɗan ne, kuma a ƙurarren lokaci.

Washegari bayan na idar da asuba na ɗora ruwa a wuta. Na shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, na ce, "Rukayya, zo nan." Ta ɗago da sauri jin sunanta a bakina. Ta zo ta zauna a gabana, na zame mata ɗankwali, na ɗora kanta a gwiwata, na sa tsinke na fara tsefe mata kitson, layi ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba.